Sekou Toure: Shugaban da ya raba gari da Faransa, da abin da Gini ta girba

Ranar 28 ga Satumba, 1958, Faransa ta ajiye wa yankunan da take mulka a Afirka zaɓi biyu a akwatin ƙuri'a. Ko dai su amince da sabon tsarin mulkinta su zauna cikin wata tarayya tare da ita, ko kuma su ƙi, su kama gabansu nan take. Daga Dakar zuwa Brazzaville har tsibirin Madagaska, kowa ya zaɓi zama. Gini ce kaɗai ta ce a'a, da kusan kashi 95 cikin 100 na ƙuri'un da aka kaɗa.

Wanda ya ja ragamar wannan ƙuri'a shi ne Ahmed Sekou Toure, tsohon ma'aikacin gidan waya mai shekara 36. Daga nan ya mulki ƙasar sama da shekara 25, har mutuwa ta ɗauke shi yana kan kujera. Duk mai son sanin ko ƙasa na cin ribar zama cikin tarayyar siyasa da tattalin arziki, ko kuwa ficewa ta fi mata, zai sami abin dubawa a rayuwar wannan mutum, musamman yanzu da Nijar da Mali da Burkina Faso suka fice daga ECOWAS.

Daga Faranah zuwa gidan waya

An haife shi ranar 9 ga Janairu, 1922, a garin Faranah, kusa da inda kogin Neja ya samo asali. Iyayensa 'yan ƙabilar Malinke ne, Musulmi, masu ƙaramin ƙarfi. Danginsa na jingina nasabarsa ta wajen uwa da Samori Toure, jarumin da ya yi shekaru yana fafatawa da sojojin Faransa kafin su kama shi a 1898. Wannan nasaba ta yi masa amfani sosai a fagen siyasa.

Ya yi makarantar allo, ya yi firamare, sannan ya shiga makarantar koyon sana'a a Konakiri, inda aka kore shi bayan wani bore da ɗalibai suka yi kan abinci. Karatunsa na aji ya tsaya a nan, sauran iliminsa da kansa ya nema. A 1941 ya sami aiki a hukumar gidan waya, kuma a 1945 ya jagoranci kafa ƙungiyar ma'aikatanta.

Ƙungiyar ƙwadago ce ta zama makarantarsa ta siyasa. Yana cikin waɗanda suka halarci taron Bamako na 1946, inda aka kafa RDA, jam'iyyar da ta game yankunan Faransa na Afirka. A 1952 ya zama babban sakataren reshenta na Gini, wato PDG. Shekara guda bayan haka ya jagoranci yajin aikin da ya wuce wata biyu, har sai da gwamnatin mulkin mallaka ta ƙara albashi. Daga wannan yajin sunansa ya shiga ƙauyuka.

Ya zama magajin garin Konakiri, ya shiga majalisar dokokin Faransa a 1956, kuma a 1957 jam'iyyarsa ta kwashe kusan dukkan kujeru 60 na majalisar Gini. A ƙarshen wannan shekara gwamnatinsa ta soke sarautun gundumomi, waɗanda Turawa ke bi ta hannunsu wajen karɓar haraji da juya talakawa. Rassan jam'iyya suka maye gurbinsu.

Tarayyar da de Gaulle ya zo da ita

A 1958 yaƙin Aljeriya ya rusa gwamnatin Faransa, aka dawo da Janar Charles de Gaulle. Tsarin da ya kawo wa Afirka shi ne kowane yanki ya riƙa tafiyar da harkokinsa na cikin gida, amma tsaro da hulɗa da ƙasashen waje da kuɗi da manufofin tattalin arziki da muhimman ma'adinai su kasance na tarayya. Shugaban Faransa kuma shi ne shugaban tarayyar. Wanda ya zauna zai ci gaba da samun tallafi da ma'aikata da kasuwar Faransa. Wanda ya fita kuwa ya yi asarar duka.

Abin da mutane da yawa ke mantawa shi ne Sekou Toure mai son tarayya ne. Burinsa shi ne yankuna takwas na Afirka ta Yamma da ke ƙarƙashin Faransa, wato Senegal da Muritaniya da Sudan ta Faransa (Mali ta yanzu) da Gini da Kodebuwa da Upper Volta da Dahomey da Nijar, su zauna dunƙule da gwamnati ɗaya a Dakar, sannan su yi ciniki da Paris da murya guda. Ya kuma nemi a rubuta haƙƙin samun 'yanci a cikin tsarin mulkin.

Felix Houphouet-Boigny na Kodebuwa ya ƙi. Ƙasarsa ce ke kan gaba a arzikin koko da kofi, kuma ba ya son kuɗinta su riƙa tafiya Dakar ana raba wa yankunan da ba su da shi. Ya fi son kowane yanki ya ƙulla da Paris kai tsaye. Ra'ayinsa ne ya yi rinjaye.

Ranar 25 ga Agusta, 1958, de Gaulle ya sauka a Konakiri cikin rangadin tallata tsarinsa. A gabansa, kuma a gaban jama'a, Sekou Toure ya nuna cewa mutanen Gini sun gwammace talauci da 'yancinsu a kan wadata cikin ƙangi. Janar ɗin ya ji zafin abin. Ya mayar da martani cewa 'yanci na nan ga mai so, amma kowa ya ɗauka zai ɗauki abin da zai biyo baya.

Me ya sa a'a ta yi nasara a Gini ta faɗi a Nijar? A can ma shugaban gwamnati, Djibo Bakary na jam'iyyar Sawaba, ya yi kiran a ƙi tsarin. Sai dai Paris ta aika sabon gwamna, Don Jean Colombani, sarakuna da yawa suka goyi bayan zama, kusan kashi 78 cikin 100 suka ce e. Kafin shekara ta ƙare Diori Hamani ya karɓi gwamnati, a 1959 kuma aka haramta Sawaba. A Gini babu sarakunan da za a yi amfani da su, jam'iyya ta riga ta shiga kowane lungu, malamai da ɗalibai da matan kasuwa na matsa lamba, har 'yan adawa irin su Barry Diawadou da Barry III suka bi sahun a'a.

Hukuncin da Faransa ta yanke

Gini ta ayyana 'yancinta ranar 2 ga Oktoba, 1958. Sekou Toure ya aika wa Paris saƙon neman a ci gaba da hulɗa ta hanyar yarjejeniya, kamar yadda tsarin mulkin ya ba da dama. Ba a kula shi ba. De Gaulle na son sauran yankunan su ga abin da ke samun wanda ya fita.

Cikin 'yan makonni aka janye jami'an mulki da likitoci da injiniyoyi, aka tsayar da tallafi. Masana tarihi da 'yan jaridun lokacin sun ruwaito yadda masu tafiya suka kwashe takardun ofis, suka cire wayoyin tarho, wasu har da ƙwan fitila. Da aka zo shigar da Gini Majalisar Ɗinkin Duniya a Disamba, Faransa ta ƙaurace wa ƙuri'ar.

'Yan Afirka masu kishi sun kawo ɗauki. Masanin tarihi Joseph Ki-Zerbo na Upper Volta da marubucin waƙoƙi David Diop na cikin waɗanda suka bar aikinsu suka tafi koyarwa a Gini. Amma ƙasa ba ta tafiya da sa-kai kaɗai.

Neman wata inuwar

Ƙofar farko da ya ƙwanƙwasa ita ce ta Kwame Nkrumah. A Nuwamba 1958 aka sanar da tarayyar Gana da Gini, Gana ta yi alkawarin rancen fam miliyan 10. Daga baya Mali ta Modibo Keita ta shigo. Sai dai Gana ba ta da iyaka da Gini ko Mali, harshen aikinsu daban, kuɗinsu daban, kuma babu shugaban da ya shirya sakin ko da ɓangare na ikonsa. Tarayyar ta tsaya a takarda da taruka, ta mutu a 1963, shekarar da aka kafa Ƙungiyar Haɗin Kan Afirka.

Ƙofa ta biyu ita ce Tarayyar Sobiyet da ƙawayenta, waɗanda suka kawo rance da makamai da ƙwararru. Wannan ma bai yi nisa ba. A Disamba 1961, bayan wani rikici da malaman makaranta, ya kori jakadan Sobiyet bisa zargin katsalandan. A 1962, lokacin rikicin makamai masu linzami na Kuba, ya hana jiragen Sobiyet shan mai a Konakiri. Ya riƙa karɓar taimakon abinci daga Amurka yana kuma hulɗa da Sin.

Ko da maƙwabta ma abin bai ɗore ba. A 1968 an kafa ƙungiyar ƙasashen da ke gaɓar kogin Senegal a garin Labe na Gini, amma rigimarsa da Shugaba Senghor ta wargaza ta. Da sauran suka kafa wata a 1972, babu Gini a ciki, duk da cewa daga tsaunukanta kogin ke gangarowa.

Kuɗin kanta, shaguna babu kaya

Ranar 1 ga Maris, 1960, Gini ta bar kuɗin sefa ta buga nata. Hukumar leƙen asirin Faransa ta mayar da martani da buga jabun takardun kuɗin tana watsawa cikin ƙasar, ta kuma taimaka wa 'yan adawa da makamai. Wasu daga cikin jami'an da suka san aikin sun tabbatar da shi daga baya a rubuce-rubucensu. Saboda haka zargin maƙarƙashiya da Sekou Toure ke yi yana da tushe.

Amma manufofinsa sun ƙara wa ciwon gishiri. Gwamnati ta karɓe shigo da kaya da fitar da su, ta yanka farashin amfanin gona, ta tilasta wa manoma kawo wani kaso na abin da suka noma. Dokar 8 ga Nuwamba, 1964 ta takura wa 'yan kasuwa, a 1975 kuma aka hana kasuwancin kai gaba ɗaya, aka sa 'yan sandan tattalin arziki su tsare hanyoyi da kasuwanni.

Kuɗin ƙasar, wanda aka sake wa suna sili a farkon shekarun 1970, ba ya canzuwa a waje. Manomin da ya san haka sai ya ɗauki kofinsa ko ya kora shanunsa ya tsallaka Laberiya ko Saliyo ko Kodebuwa ko Senegal, inda zai karɓi kuɗin da zai saya masa atamfa da sukari. Ayabar da a da ake lodawa zuwa Faransa a kan farashi mai rangwame ta durƙushe. Ƙasar da ke da ruwan sama da ƙasar noma kamar Gini ta koma dogaro da shinkafar waje.

Abin da ya riƙe baitulmali shi ne ma'adinin boksit, wanda ake sarrafawa a sami alminiyum. Masana'antar Fria, wadda kamfanonin Turai da Amurka suka gina, ta fara aiki a 1960. A 1963 aka kafa kamfanin CBG, gwamnati na da kashi 49, kamfanonin Yamma na da 51, kuma a 1973 ya fara fitar da ma'adinin Sangaredi ta tashar Kamsar. Gwamnatin da ke zagin 'yan jari-hujja a rediyo da dalarsu take rayuwa.

Akwai abubuwan da ko masu sukarsa ba sa musantawa. An buɗe makarantu da yawa, an kafa babbar kwalejin fasaha a Konakiri a 1962, an shigar da harsunan gida cikin aji. Mata sun sami gurbi a siyasa. Makaɗan Bembeya Jazz sun zagaya nahiyar, ƙungiyar ƙwallon Hafia ta ci kofin zakarun Afirka sau uku, a 1972 da 1975 da 1977, kuma Enugu Rangers ta doke a wasan ƙarshe na 1975. Konakiri ta zama mafakar masu gwagwarmaya. Amilcar Cabral daga nan ya jagoranci yaƙin 'yantar da Gini Bisau, Miriam Makeba ta zauna a ƙasar, kuma da aka hamɓarar da Nkrumah a 1966 Sekou Toure ya karɓe shi ya ba shi muƙamin shugaban ƙasa na girmamawa.

Sansanin Boiro

Tun farko PDG ta zama jam'iyya tilo. Duk lokacin da rayuwa ta ƙara tsanani sai a sanar da an gano wata maƙarƙashiya: ta malamai a 1961, ta 'yan kasuwa a 1965, ta sojoji a 1969. Waɗanda aka kama akan kai su sansanin Boiro da ke Konakiri, inda ake azabtar da su har su amsa laifi, a sa muryarsu a rediyo.

Ranar 22 ga Nuwamba, 1970, sojojin Fotugal tare da 'yan adawar Gini suka kawo hari Konakiri ta teku. Sun kuɓutar da fursunoninsu amma ba su kifar da gwamnati ba. Abin da ya biyo baya shi ne kame mafi girma a tarihin ƙasar. A Janairu 1971 aka rataye wasu manyan jami'ai a wata gada a tsakiyar birnin, jama'a na kallo. Cikinsu har da Barry III, wanda ya ajiye adawa ya goyi bayan a'a a 1958. Barry Diawadou kuwa tun 1969 aka kashe shi, tare da Keita Fodeba, wanda ya kafa shahararriyar ƙungiyar rawa ta Gini ya kuma riƙe ma'aikatar cikin gida.

A 1976 zargin ya koma kan Fulani. Aka kama Diallo Telli, babban sakataren Ƙungiyar Haɗin Kan Afirka na farko, aka kulle shi babu ci babu sha har ya rasu a farkon 1977. Waɗanda suka tsira da ƙungiyoyin kare haƙƙin ɗan'adam sun ce dubban mutane ne suka mutu a Boiro da makamantansa. Dubban ɗaruruwa kuma suka yi hijira, mafi yawansu zuwa Senegal da Kodebuwa, ƙasashen da suka zaɓi zama da Faransa.

Komawa ga ƙofofin da ya rufe

Waɗanda suka tanƙwara shi a ƙarshe matan kasuwa ne, irin waɗanda suka yi masa yaƙin zaɓe a 1958. Ranar 27 ga Agusta, 1977, suka yi bore a Konakiri kan cin zalin 'yan sandan tattalin arziki, boren ya bazu zuwa wasu garuruwa. Ya rushe rundunar, ya fara sakin mara ga 'yan kasuwa.

Tun kafin nan ya soma juyawa. A Mayu 1975 Gini na cikin ƙasashe 15 da suka kafa ECOWAS a Legas. A Yuli na shekarar aka maido da hulɗar jakadanci da Faransa, wadda ta yanke tun 1965. A Maris 1978 ya sasanta da Senghor da Houphouet-Boigny a Monrovia, a Disamba kuma Shugaba Giscard d'Estaing ya ziyarci Konakiri. A 1980 Gini ta shiga ƙungiyar kogin Mano tare da Laberiya da Saliyo. A 1982 shi da kansa ya je Paris, ya kuma je Amurka yana zawarcin masu zuba jari. Ya matsa kusa da Saudiyya da Maroko, ya jagoranci kwamitin ƙasashen Musulmi da ya yi ƙoƙarin sasanta Iran da Iraƙi.

Ya rasu ranar 26 ga Maris, 1984, a wani asibiti a Cleveland ta Amurka, inda aka garzaya da shi saboda ciwon zuciya. Ranar 3 ga Afrilu sojoji ƙarƙashin Kanar Lansana Conte suka karɓi mulki ba tare da wata turjiya ba, suka buɗe ƙofofin Boiro. Jam'iyyar da ta shiga kowane ƙauye ta watse cikin kwana ɗaya.

Wa ya ci riba?

Tarayyar de Gaulle ba ta yi tsawon rai ba. A 1960 kusan dukkan waɗanda suka ce e suka sami 'yanci, Nijar ranar 3 ga Agusta, kuma sun tafi da tallafinsu da kuɗin sefa. Masana da yawa na ganin ƙuri'ar Gini ce ta gaggauta hakan, domin ta nuna fita mai yiwuwa ce. Ke nan Gini ta sha dukan, maƙwabta suka sha romon.

Zama ma bai zama tabbacin arziki ba. Kodebuwa ta bunƙasa har ƙarshen shekarun 1970, sannan faɗuwar farashin koko da bashi suka durƙusar da ita. Nijar ta zauna, an fara haƙo yuraniyom a Arlit a 1971, amma talauci bai sake ta ba. A Janairu 1994 aka zaftare rabin darajar sefa a dare ɗaya, bisa matsin Paris da asusun IMF. Mali kuwa ta bar sefa a 1962, ta sha wuya, ta dawo a 1984.

Abin da tarihin Gini ya nuna shi ne ranar ƙuri'a ita ce mafi sauƙi a cikin lamarin. Ƙasar ta fita ba ta da ma'aikatan da za su riƙe ofisoshi, ba ta da kasuwar da za ta maye ta Faransa, tarayyar da ta yi fatan shiga kuma ba ta tsaya da ƙafarta ba. Muguntar Faransa gaskiya ce, amma ba Faransa ce ta rufe kasuwanni ko ta hana Diallo Telli ruwa ba. Da zarar an mayar da ficewa abin alfaharin da ba a taɓawa, duk wanda ya tambayi ina ribar sai ya zama ɗan koren Turawa.

ECOWAS ƙungiyar maƙwabta ce, ba tarayyar mai mulkin mallaka ba, saboda haka kwatancin yana da iyaka. Ƙasashen Sahel uku da ficewarsu ta tabbata a Janairu 2025 suna da ƙorafinsu, musamman takunkumin da ya rufe iyakar Nijar da Najeriya bayan juyin mulkin Yuli 2023, wanda ɗan kasuwar Maraɗi da na Katsina suka ɗanɗana tare. Amma tambayoyin da Gini ta fuskanta suna nan: wa zai sayi kayan manomi, da wane kuɗi, ta wace hanya kaya za su shigo, kuma ko za a bar ɗan ƙasa ya faɗi ra'ayinsa idan lissafin bai fita ba.

A Gini kanta har yau ba a gama muhawarar ba. A Disamba 2021 gwamnatin sojan Mamadi Doumbouya ta sa wa filin jirgin saman Konakiri sunan Ahmed Sekou Toure. Magoya bayansa suka yi murna, iyalan waɗanda suka mutu a Boiro kuma suka fito suna neman a janye sunan.